Tikitin aiki da bayanin gyara: wanne ke bin wanne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu huɗu ne a unguwar Zango, Damagaram, muna rubuta wa wata ƙungiyar 'yan kasuwa manhajar lissafi a GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhaja a yi aikinsa tare. Kowane aiki muna buɗe masa tikiti (issue), wato rubutacciyar buƙata mai lamba, amma bayanin da muke rubutawa wajen neman a haɗe gyara cikin manhajar (pull request) yakan saɓa da abin da ke tikitin. Akwai dabarar da za ta riƙa kwafe wannan cikin wancan da kanta?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Dabarar tana yiwuwa, don ana iya sa GitHub Actions, tsarin GitHub mai gudanar da aiki da kansa, ya tashi duk lokacin da aka taɓa bayanin. Ni dai ban ba ku shawararta ba. In magana ɗaya tana wuri biyu, wanda aka taɓa ƙarshe shi ke share ɗayan, ko da ɗayan ne mai gaskiya.

Ku raba wa tikiti da bayani aiki. A ce tikiti mai lamba 42 ya ce: rasit ya nuna kuɗi da dala, tunda da ita ake ciniki a kasuwa, dala ɗaya sefa 5. Abin da ake so da dalilinsa ke nan, kuma tikiti ne gidansu. Bayanin gyara ya faɗi yadda aka yi, inda aka taɓa, da yadda aka gwada, kamar cewa an sa jika ɗaya, wato sefa dubu, ta fito dala 200.

Saɓanin yakan shigo ne ana tsakar aiki. Mai rubutu ya ci karo da sefa 1003, wadda ba ta rabuwa da 5, ya yanke hukunci shi kaɗai, ya rubuta a bayaninsa. Wannan hukunci na masu kuɗin ne. Ya koma tikiti ya rubuta, a amince, sannan ya ci gaba.

Lamba ce igiyar da ke ɗaure tikiti da bayani. A bayanin ku rubuta Fixes #42 ko Closes #42, tikitin zai rufu da kansa in aka haɗe, amma sai in babban reshe, wato ainihin kwafin manhajar da ake haɗe gyare-gyare a ciki, aka nufa. Tikiti biyu ne? Kowace lamba da kalmarta a gabanta. In rabin aikin aka yi, a rubuta #42 kawai: mahaɗin zai fito, tikitin ya zauna a buɗe. Masu Jira kuwa, wata manhajar tikiti ta daban, lambar tikitin suke sawa a sunan reshe ko taken gyara.

Ku ajiye fayil mai suna pull_request_template.md, wato samfurin bayanin gyara, cikin folda mai suna .github, da layin lambar tikiti a samansa. Mai dubawa kuma ya buɗe tikitin kafin ya amince. In kuna dunƙule gyare-gyare zuwa komit ɗaya, wato gyara guda da aka adana tare da saƙonsa, ya karanta saƙon kafin ya danna maɓallin haɗewa, don bayani yana gyaruwa gobe, amma saƙon komit da ya shiga babban reshe ba ya canzuwa sai an sake rubuta tarihin ma'ajiyar.