Mai Ba Ni Shawara Ba Ta Fahimci Zumuncinmu Ba

Tambaya: Anti, a Landan nake zaune, kuma tun rasuwar mahaifiyata barci ya ƙaurace mini. Ƙwararriyar mai ba da shawara kan damuwa da na gani ta ce in ja baya da dangina, alhali kiransu na safe ne yake sanyaya mini zuciya. Yaya zan yi?

Amsa: Allah Ya jiƙan Mama, ƙanwata. A Ingila kina iya neman kulawar NHS Talking Therapies, shirin hukumar lafiya ta gwamnati na magance damuwa ta hanyar tattaunawa, kyauta da kanki, kuma kina iya roƙon a haɗa ki da mace. Ƙungiyar BAATN, ta masu ba da irin wannan shawara a Birtaniya, tana da jerin ƙwararru 'yan asalin Afirka da Asiya, sai dai yawancinsu biya ake yi. Samun Bahaushiya yana da wuya, saboda haka tun a zaman farko ki tambayi wadda kika samu yadda take kallon addu'a, kunya da haƙƙin dangi. Idan ta saurare ki ba tare da gaggawar gyara miki ba, ki riƙe ta.