Hukuncin alwala da ruwan da hayaƙi ya shiga

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni matar aure ce a Birni, cikin Damagaram. Mukan turara randa da kajiji kafin mu zuba ruwa, da sanyi kuma mukan ɗumama ruwa a murhu har ya ɗauki warin hayaƙi. Alwala ta yi da shi? Ruwa na mana wuya, ba ma son zubarwa.

Amsa: Da sunan Allah. Malama, a mazhabar Imamu Malik ruwan tsarki shi ne wanda launinsa, ɗanɗanonsa da warinsa ba su sauya ba saboda wani abu baƙo da ya cuɗanya da shi. Shehu Halil a littafinsa Muhtasar ya ambaci hayaƙin turaren mustaka (wani ƙaro mai ƙanshi) cikin abin da ke hana ruwa tsarkakewa, amma ya yi rangwame ga sauyin da maƙwabtaka kawai ta jawo, wato kusantar abu mai wari ba tare da ya cuɗanya da ruwan ba.

Ilimin sinadarai ya ƙarfafa wannan rarrabewa. Hayaƙin itace na ɗauke da ƙurar gawayi, da maiƙo mai danƙo, da sinadarai masu tsami da ke narkewa cikin ruwa. Akwai dangin fenol a ciki, waɗanda ɗan kaɗan ɗinsu ya isa ya juya ɗanɗano, balle in sun haɗu da kulorin na ruwan pampo, sai ki ji kamar magani. Ashe hayaƙin da ya sauka kan ruwa cuɗanya ya yi.

To, randarki: in kin bari hayaƙin ya fice sarai sannan kika zuba ruwa, ƙanshin da ya saura a jikin yumɓu maƙwabtaka ne, ki yi alwalarki. In kin zuba ruwan alhali hayaƙin na turnuƙe a ciki, ko tukunya na buɗe a murhu har ɗanɗano ko wari ya juya, ruwan mai tsarki ne a kansa, a sha, a dafa, a yi wanki, amma ba ya ɗauke hadasi. In babu wani ruwan kuma lokacin salla zai fita, ki yi taimama. Wanda bai sauya ba kuwa, ko da icce aka ɗumama shi, babu komai. Murfi dai ya raba gardama.

Hayaƙin leda da tsohuwar taya daban ne, guba ke cikinsa; ruwan da ya shiga kada a ba kowa ya sha.

Allah ne mafi sani.