Tambaya da Amsa: Wai da gaske akwai giya a cikin maltina?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, daga Ƙofar Ƙaura nan Katsina nake rubuto maka. Bikin ɗiyata za a yi bayan sallah, na riga na sayo katan goma na Maltina da Malta Guinness an jibge a ɗaki, sai ƙanen maigidana ya shigo ya ce wai mu maida su, tunda kamfanin giya ke yin su dole akwai giya ciki ko kaɗan ce. Wallahi hankalina ya tashi don kuɗin adashina na zuba. Kuma ɗana da ke karatu Abuja ya ce har akwai wata giya da aka rubuta ma 0.0 wadda ba ta sa maye. Mi ne gaskiyar zance?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin. Ƙanen mijinki ya faɗi gaskiya ta wani gefen, Maltina kamfanin Nigerian Breweries ke yin ta, su ne masu Star da Gulder, Malta Guinness kuma sunan ma ya nuna gidansu. Amma daga nan ya ɓace hanya.

Abin da ke maida ruwan hatsi giya shi ne tsimuwa. Ana jiƙa sha'ir ko dawa ya tsiro, a dafa a tace ruwan mai zaƙi, sai a zuba yis a bar shi kwanaki yana cinye sukarin yana maida shi sinadarin maye, yadda dai masu burukutu ke yi da dawa. Ita maltina ba a barin ta ta kai wannan gaɓar, shi ya sa kike jin zaƙin nan har yana kama maƙogwaro, sukarin na nan ba abin da ya cinye shi.

Yanzu ki ɗauko gwangwani ɗaya ki juya shi a haske, in rubutun ya yi ƙanana ki sa yaro ya karanta miki. Duk abin sha mai giya ana rubuta masa lamba da alamar % tare da Alc ko ABV ko vol, ma'ana kashi nawa cikin ɗari na ruwan ne sinadarin maye. Irin su Star kusan 5% ne, wato babbar kwalba mai 60cl tana da wajen 30ml, kamar cokali biyu na cin abinci, baƙar Guinness ta Najeriya kuwa 7.5% ce. A jikin gwangwanin naki non-alcoholic za ki gani, wato marar giya. Ni abin da ya fi ba ni tsoro ma a wajen biki irin su Smirnoff Ice ne, kwalba fes kamar lemo ga zaƙi, alhali da giya ciki, wanda bai duba ba sai ya kwankwaɗe.

Zancen ɗanki kuwa daban ne. Waccan 0.0 ɗin, irin Heineken 0.0, giya ce da aka dafa ta tsimu sannan aka zare mata sinadarin da inji, ɗan ɓurɓushin da ke saura bai kai ya sa maye ba. Kuma kalmar non-alcoholic ɗin kanta tana da santsi in kayan daga waje suka zo, a Amurka ana rubuta non-alcoholic matuƙar abin bai kai 0.5% ba, haka Jamus, a Ingila kuma alcohol free ana nufin bai wuce 0.05% ba. Hukuncin shan irin wannan ba zan yi miki fatawa ba, a kai wa malamai, amma a faɗa musu dalla-dalla cewa asalinta giya ce aka cire mata mayen, kar a haɗa musu ita da maltina a tambaya ɗaya. Ni dai ba na sha.

Katan goman nan ki bar su inda suke Hajiya, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kawai tunda sai bayan sallah za a buɗe, kuma a ɗauke su daga jikin taga inda rana ke dukansu.