Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Shagunan Kayan Nutso Ba Sa Ragi?

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a jihar Florida ta Amurka, kuma kwanan nan na gama koyon nutso a teku. Na shiga shaguna uku neman regileta, na'urar da ake shaƙar iska da ita a ƙarƙashin ruwa, duk kuɗinsu ɗaya, ko sisi babu bambanci. Na taya, aka ce ba a ragi. A intanet na ga mai rahusa, amma mai shago ya ce idan na saya kamfani ba zai ba ni garanti ba. Haɗa baki suka yi?

AMSA: Ɗan'uwana, sannu da ƙoƙari. Masu shagon ba su haɗa baki ba, daga sama aka ɗaure musu hannu. Manyan kamfanonin da ke ƙera kayan nutso kan yanka wa dilolinsu farashin da ba za su tallata kaya ƙasa da shi ba. Dilan da ya saɓa sai a daina kawo masa kaya, har da kayan gyara, wanda kuwa shi ne jarin shagon.

A Amurka doka ta ba su wannan sarari. Tun 1911 Kotun Ƙoli ta haramta wa mai ƙera kaya ƙulla yarjejeniyar farashi da mai sayarwa, sai a 2007, a shari'ar kamfanin kayan fata na Leegin, alƙalai biyar cikin tara suka soke wannan hukunci, suka ce a riƙa duba kowace ƙara da irin hujjarta. A Turai kuwa laifi ne. A 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta ci kamfanin Fender mai ƙera gita tarar fam miliyan 4.5 kan irin wannan. Shi ya sa za ka ji masu nutso a Amurka suna yin odar kaya daga shagunan Turai.

Hujjar kamfanonin ita ce shagon unguwa shi ke cika maka tukunyar iska, shi ke koyarwa, shi ke gyara, idan intanet ta karya shi kowa zai sha wuya. Akwai gaskiya a nan. Amma raina na ɓaci idan na ga an ɗora wa sabon mai koyo tsadar da ba ta da alaƙa da lafiyarsa, ana tsorata shi da cewa ransa ne a kai. Gilashin fuska da takalman iyo ba sa riƙe da ran kowa. Saye su inda ka samu sauƙi, in dai ka gwada gilashin ya kama fuskarka.

Regileta daban ce. Ita ke karɓar iska mai matsin kusan bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne) daga tukunya, ta sauke shi zuwa wajen bar 10, sannan ta ba ka gwargwadon numfashinka. Na taɓa sayen wata da araha daga hannun wanda ba dilan kamfani ba. Bayan shekara guda, muna cikin jirgin ruwa a Bahar Maliya, na buɗe tukunya sai na ji tana tsiyayar iska, siii, ba ƙaƙƙautawa. Wani ɗan zoben roba ne ya tsage, bai fi ƙwayar wake faɗi ba. Na kai wa mai gyara, ya juya ta ya duba lamba, ya ce tunda ba ta da garantin kamfani, sai na biya kuɗin kayan gyara da na aiki gaba ɗaya. Abin da na rage a saye ya tafi a nan, ga kwana biyu da na yi a kan tudu ina kallon abokaina suna shiga ruwa.

Ga yadda tsofaffin hannu ke yi. Abin da aka fi ɗaurewa shi ne farashin talla, don haka sukan buga waya ko su je da kansu su tambaya. Idan ragi ya gagara, sai a nemi gyara irin ta kasuwar gida: cikon iska kyauta, jaka, ko aikin duba na'urar na shekarar farko. Wasu kuma sun koma ƙananan kamfanoni irin su Deep 6, masu sayar wa mai nutso kayan gyara kai tsaye.

Ka koma shagon da ya fi kusa da kai, ka ce za ka sayi regileta da rigar daidaita nauyi (wadda mai nutso ke hura wa iska don ya tsaya daidai a cikin ruwa) tare, ka tambayi me za su ɗora maka. Kafin ka biya, a rubuta maka a rasit nawa ne kuɗin dubawar shekara da na kayan gyaranta.