Botin da bai taɓa motsi ba

Jiya muna tattara kaya za mu rufe shago ka tambaye ni me ya sa botin gaban iPhone 7 ɗin nan da aka kawo daga Ƙofar Ƙaura yake sandarewa kamar dutse in ka kashe wayar, in ka kunna kuma ya dawo yana dannuwa. Har ka ɗauko sukudireba za ka cire shi, na ce ajiye, sai da safe. To ga safiya ta yi, jawo benci ka zauna.

Botin nan lafiyarsa ƙalau, kuma tun ranar da aka ƙera shi bai taɓa motsi ba. Daga iPhone 7, wadda ta fito a 2016, Apple suka daina sa botin mai nutsewa. Gilashi ne a kafe, a ƙarƙashinsa akwai abin da ke auna matsin yatsa. Kana matsawa sai wani ɗan inji da ke ƙasa da batir, wanda suke kira Taptic Engine, ya yi bugu ɗaya gajere. Yatsanka ya ji bugun, ƙwaƙwalwarka ta yanke hukunci cewa botin ya nutse. In babu wuta babu bugu, sai ka ji gilashin yadda Allah ya yi shi. Wato wayar ce take yi wa yatsanka wayo, kai kuma kana rantsuwa ka ji ya shiga.

Ka sha buɗe ƙananan wayoyin nan masu tocila, ka ga injin girgizarsu. Ɗan inji ne mai juyawa da aka ɗaura wa ƙarfe a gefe guda, nauyin ya karkata, kamar fanka da fiffike ɗaya ya karye. Kafin ya ɗauki gudu sai ya ɓata lokaci, kafin ya tsaya ma haka, shi ya sa sai dai ya yi ta gurnani a aljihu. Wannan ba zai iya kwaikwayon danna boti ba. Na iPhone maganaɗisu ne a tsakanin sifirin, da naɗin jan ƙarfe a gefensa, kusan irin aikin lasifika. Gaba da baya yake zuwa, ya tashi nan take, ya tsaya nan take.

Amma wanda ya ƙera injin sai da ya fara sanin fata. A cikin fatar yatsa akwai ƙwayoyin ji iri huɗu, kowanne da aikinsa. Biyu ne suka fi shafar sana'armu. Waɗanda ake kira Meissner suna nan sama-sama, su ke jin motsi mai sanyi, misali in kofin shayi ya fara zamewa daga hannunka ka damƙe shi kafin ma ka yi tunani. Na Pacini kuwa, sunan wani likitan Italiya da ya gano su a shekarun 1830, suna can ciki, kuma sun fi jin girgizar da ta kai kusan sau 250 a sakan ɗaya. Masu ƙera waya kusa da wannan adadin suke saita injinsu, don a nan ne ɗan motsi kaɗan yake isa, ba sai an cinye batir ba.

Ka lura da masu sayar da shadda a Babbar Kasuwa? Mutum ba ya ɗora yatsa kawai ya ce wannan mai kyau ce. Sai ya goga. Gogawar ce ke sa zanen yatsa ya yi ɗan kaɗawa a kan zaren, ƙwayoyin nan su kai labari sama. A 2013 wasu masu bincike a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin suka gwada mutane da filastik mai tudu-tudu, suka tarar yatsa yana bambance tudun da tsayinsa nanomita 13 ne da wuri mai santsi. Nanomita ɗaya, ka raba milimita gida miliyan ka ɗauki ɗaya. Ko madubin da muke duba fanel, wato allon cikin waya, da shi ba ya ganin wannan.

Anjima ka samo tsinken sakace biyu, ka rufe ido, ƙaninka ya ɗora maka su a kan yatsa da tazarar milimita 3. Za ka ji biyu. Ya ɗora a gadon bayanka, ko ya buɗa su santimita 2 ko 3, ɗaya za ka ji. Shi kansa abin da ke juya matsi ya zama saƙon jijiya sai a 2010 aka gano shi, wani Ardem Patapoutian da mutanensa a Amurka, suka sa masa suna Piezo. Shi da David Julius, wanda ya bi diddigin zafin barkono, suka raba kyautar Nobel ta likitanci a 2021. Ka ga mu da muke taɓa abu tun muna goye, jiya-jiya aka san yadda muke ji.

Yanzu ga aiki. In aka kawo 7 ko 8 aka ce boti ba ya dannuwa, fara duba ko wayar na girgiza in an kira ta. In ba ta yi, injin ne ko mahaɗinsa, sai ka canja shi, aikin minti goma. Ka kuma tambayi mai ita ko da safar hannu yake dannawa, musamman 'yan acaba da hunturu, don botin sai ya ji fata. Shi kuwa botin kada ka kuskura ka yage masa fileks, wato siririn layin da ke haɗa shi da cikin wayar, an ɗaura masa aure da fanel tun daga kamfani. Ko ka sa wani, buɗe waya da zanen yatsa ya tafi ke nan. Ni na taɓa yi wa wani bawan Allah wannan gangancin ina sabon shiga, kuɗin aikin sati biyu na haɗa na ba shi haƙuri.

Tashi ka kunna ta, shiga saiti wurin botin, akwai 1, 2 da 3. Danna kowanne ka faɗa mini wanda ya fi nutsewa.