Tsohon injin wasa: a gyara ko a kai wa 'yan gwangwan?

Tambaya: Malam, ina da shagon gem a Kano. Akwai tsohon injin Neo Geo mai akwatin katako da na gada wajen yayana. Hotonsa ya dusashe, wani lokaci ya mutu ana tsakiyar wasa. Yara duk sun koma PlayStation. In rabu da shi ne?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi gaggawa. Kamfanin SNK na Japan ya fito da wannan inji a 1990, kuma an daɗe da daina ƙera shi. 'Yan gwangwan kuɗin ƙarfe kawai za su ba ka.

Mutuwar da yake yi galibi daga akwatin wuta ne, wato na'urar da ke raba wa injin wuta. Allon lantarkin da ke cikin injin yana son bolt 5 daidai, wutar janareta kuwa ka san halinta. Sauya akwatin wutar, ka haɗa da sitabilaiza. Sai ka duba ɗan batirin da ke jikin allon: idan ya tsufa yana yoyo ya cinye layukan tagulla. A cire shi tun yau, a kakkaɓe ƙurar hunturu.

Dusashewar hoto, sau da yawa kafasito ne, wato ƙananan kayan da ke tara wuta, suka bushe. Amma kada ka sa hannu a bayan gilashin da ke nuna hoton, domin yana riƙe wuta mai ƙarfi ko an zare soket. Nemo tsohon mai gyaran talabijin, irin mai furfura.

Maganar ciniki kuwa, ba zan ruɗe ka ba, PlayStation ce za ta biya kuɗin haya. Ni dai da nawa ne, kusa da ƙofa zan ajiye shi, iyayen yaran su gani su tuna baya.