Amsoshin Tambayoyinku: Kallon Tsuntsaye a Dausayin Haɗeja da Nguru

*Assalamu alaikum. Ina son zuwa tafkin Dagona da ke kusa da Gashuwa a jihar Yobe kallon tsuntsaye, amma ba zan samu hutu ba sai bazara. Na makara ne? Daga wani malamin makaranta, Potiskum.*

Wa alaikumus salam, Malam. Ba ka makara ba, muddin za ka tafi a makonni biyun farko na Maris. Tsuntsayen da ke tahowa daga Turai suna yin hunturu a dausayin, sun fi yawa daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma daga Maris suke fara juyawa arewa su ƙetare Sahara. A lokacin ruwa ya janye, tsuntsayen sun taru a tafkunan da suka rage, ka ga kenan ba sai ka sha yawo ba. Ka nemi ƙaramar agwagwar Turai da masana ke kira garganey: namijin yana da farin layi daga saman ido har ƙeya, kuma a wannan lokaci adonsa ya cika. Na gida kuwa, irin su kirinjijiya, ɗinya, zalɓe da balbela, suna nan inda ruwa yake. Shamuwa sai damina ta ƙarato.

Kafin ka kama hanya ka tambayi wani a Gashuwa ko akwai ruwa a tafkin, don wata shekarar yana ja baya sosai. Idan ya ƙafe, ka karkata zuwa tafkin Nguru ko Baturiya ta Jigawa. Dagona tana ƙarƙashin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi, don haka ka nemi izinin ma'aikata, ka kuma ɗauki ɗan jagora. Ka isa bakin ruwa da zarar an idar da sallar asuba, ka tsaya rana na bayanka. Ƙarfe goma na yi, aikin ya ƙare.

*A kasuwa na ga madubin hangen nesa an rubuta 8x42, wani 10x50, wani kuma 10-30x60. Mai shago ya ce na ƙarshen ya fi ƙarfi. Wanne zan saya? Daga wata ɗaliba, Kano.*

'Yar'uwa, ki bar na ƙarshen a inda kika gan shi. Lamba ta farko ita ce yawan kusanto da abu, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba a milimita. 8x42 yana kusanto da tsuntsu sau 8 ta gilashi mai faɗin milimita 42. Idan kika raba 42 da 8 za ki samu 5 da ɗoriya, wato faɗin hasken da ke shiga idonki, kuma wannan ya wadatar ko da duku-duku. 10x50 haskensa kusan ɗaya ne, sai dai ya fi nauyi, filin da yake nunawa ya fi ƙunci, kuma duk rawar da hannu ya yi sai ta ninku sau 10. Mai zuƙowa har 30 kuwa, da kin murza shi hoton zai dushe, ya yi ta karkarwa, tsuntsun ya tashi ba ki same shi ba. Haka masu jan gilashi mai ƙyalli: launin tsuntsu suke ɓatawa, alhali da launi ake gane shi. Mu 8x42 muke ba da shawara, wanda aka rubuta ruwa ba ya shigarsa, domin inda ruwa bai shiga ba ƙurar hunturu ma ba ta shiga.

Idan na hannu ne, ki gwada shi a ƙofar shagon. Ki kalli wayar lantarki daga nesa, ki ɗan janye madubin daga fuskarki. In wayar ta rabu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, madubin ya taɓa faɗuwa, cikinsa ya goce, ciwon kai zai riƙa sa ki, gyaransa kuma yakan fi kuɗinsa. Sai ki juya shi ki haska tocilar waya ta gilashin gaba. Farin zare-zare kamar yanar gizo-gizo fumfuna ce, ba ta goguwa daga waje.

Da yawa suna mayar da madubi mai kyau don ba su saita shi ba. Ki rufe gilashin dama da murfinsa, ki murza ƙaramar tayar tsakiya har abin da kike kallo ya fito tas a idon hagu. Ki buɗe gilashin dama ki rufe na hagu, ki murza zoben da ke jikin mazaunin idon dama kaɗai har shi ma ya fito. Daga nan tayar tsakiya kawai za ki riƙa taɓawa. Mai tabarau ta sauke robar bakin idon ƙasa. Kada ki goge gilashi da bakin mayafi. Ki hure ƙurar tukuna, sannan ki shafa da ƙyalle mai laushi, in ba haka ba yashin zai karce shi.

*Shin sai na sayi babban madubi mai ƙafa uku? Daga Damaturu.*

A'a, ba yanzu ba. Yana da amfani a buɗaɗɗen ruwa kamar tafkin Nguru, amma da rana ta ɗaga ƙawalwalniya ke tashi a kan ruwa, kusantowa sau 60 ba ta nuna komai sai rawa. Ka sa kuɗin a hayar kwalekwale da sallamar ɗan jagora, wanda ya san hanyoyin da ciyawar kacala ba ta toshe ba.

*Me zan saka, me zan riƙe? Daga Haɗeja.*

Kaya masu ruwan ƙasa ko kore, dogon hannu, da malafa. Farar riga tun daga nesa take korar agwagi. Abin da muka fi jaddadawa shi ne takalmin roba mai tsawo: ruwan da ke kwance a yankin yana da ƙananan dodon koɗi masu yaɗa tsargiya, ƙwayar kuma ta fata take shiga, don haka kada ka taka ruwa da silifa. Ka riƙe ruwan sha aƙalla lita 3, ka sa rigar kariya a cikin kwalekwale, ka kuma sauke bayanan tsuntsayen Najeriya a Merlin, manhajar waya ta gane tsuntsaye, tun kana gari, domin a bakin fadama sabis yana ɗaukewa. Idan garke ya ɗaga kai gaba ɗaya, ka tsaya cik ka ja da baya. Tsuntsun da zai ƙetare hamada kitse yake tarawa, kuma duk tashin da ka sa shi daga guzurin tafiyarsa yake ci.